Shekarata Goma Sha Ɗaya a Cikin Kwamfutata

Yau kam ku yafe mini doguwar gaisuwa. Masu cewa in riƙa sanyaya harshe idan ina rubutu, na ji, na gode, amma ba yau ba. Ku bar ni in amayar da abin da ke cikina, in ya so daga baya ku yi mini faɗan.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har da waɗanda na girma. Shekarata ashirin da huɗu, ku riƙe wannan lissafin da kyau, zai yi mana amfani a gaba. Zanen gine-gine na karanta, wato ni ce mai zana gida tun kafin magini ya aza bulo ko ɗaya. Babanmu mai gyaran rediyo ne, ya rasu shekara shida ke nan, a gefen teburinsa na tashi ina riƙe masa ƙananan noti a tafin hannu. Yanzu daga ni sai Mama a gidan, sai Yayata da ke aure layi biyu a bayanmu, wadda kullum tana wurinmu kamar ba ta da nata gidan. Ita ce aminiyata, ita nake gaya wa abin da ko madubi ba na gaya wa. Sai kuma Injiniya.

Injiniya abokin mijin Yaya ne, shi ke kula da kwamfutocin wani babban ofis, kuma wata biyar ke nan yana zuwa wurina. Ba zan yi masa sharri ba, yana da tsafta, yana da ladabi a gaban manya, ba ya zuwa hannu rabbana. Mama kam ta gama sallama masa. Da ta ji tsayuwar motarsa sai ta gyara mayafi tana cewa, “Injiniya ne? Shigo mana, ai nan gidanku ne.” In ya tafi kuma ta juyo kaina: “Auta, irin wannan ba a wasa da shi.” Babu wanda ya ce mini dole, a gidanmu ba a yin dole. Shiru ake yi maka da kallo har sai ka fara jin kamar ka ci amanar wani.

To, mu zo kan kwamfuta. Shekara biyu ina yi wa wani ɗan kwangila zane a kwamfutar aro, ina tara kuɗin gumina, har Allah ya nufa mako uku da suka wuce na sayi tawa. Baƙa ce, sabuwa a kwali, ranar da na kawo ta har shafa ta nake yi da gefen mayafina. Na ɗora mata manhajar zanena, na saka sunana, na saka kalmar sirrina. Sai dai fa baiwar Allah akwai nawa. In na buɗe zane, sai in je in ɗora ruwan shayi in dawo, tana nan tana tunani. Na zauna na bincika, na gano ciwonta biyu ne. Na farko, ram ɗinta kaɗan ne, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aiki da ita a lokacin da kake yinsa. Na biyu, faifan da take ajiye komai a kai tsohon yayi ne, mai juyawa yana ƙara a ciki. Na je kasuwa da ƙafata na sayo ƙarin ram da sabon faifai, irin wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, siriri kamar kwalin ashana da aka danne.

Ranar Asabar da la’asar na shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin falo, na kife kwamfutar, na jera kayana. Na ɗauko sukundireban Baba mai jan hannu, wanda bakinsa ke kama ƙarfe don kada noti ya faɗi. Na kwance noti uku ke nan na ji sallama.

Injiniya ya shigo cikin farar riga mai gajeren hannu, turarensa ya riga shi zama. Ya kalli teburin, ya kalle ni, ya dafe kai.

“Subhanallahi! Gimbiya, tiyata kike yi?”

“Ram zan ƙara mata, in canza faifai.”

“Ke da kanki?”

“Da hannuna biyu.”

Ya yi wannan dariyar tasa mai sanyi, wadda ake yi wa yaro idan ya saka takalmin babansa. Mama ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu.

“Yawwa, gara da ka zo. Tun ɗazu nake ce mata kar ta ɓata abu sabo. Auta, ga mai abin ya zo, ki ba shi mana.”

“Mama, na iya fa.”

“Kin iya, kin iya. Ga wanda aikinsa ke nan kina cewa kin iya. Ba ki jin kunya?”

Na kalli Yaya da ke kwance a doguwar kujera tana latsa waya, ina jiran ta shigar mini. Sai ta ɗaga mini gira, irin ta “ki bari kawai a zauna lafiya”. Ina ji ina gani ya mayar da notin nan uku, ya zura kwamfutata a jakarta, ya haɗa da ram da sabon faifan. Ni kuma don haushi na cusa sukundireban Baba a aljihun jakar ba tare da na ma san na yi ba.

Bayan kwana biyu ya dawo da ita. Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta ko da tana ƙona mini baki: aikin ya yi kyau. Kafin in gyara zama ta kunnu. Zanen da a da nake dafa shayi kafin ya buɗe, yanzu ina dannawa yake bayyana. Ya zauna yana lissafa mini da yatsu. Ya ƙara ram, ya saka sabon faifai ya ɗora komai daga farko, ya goge tarkacen manhajojin da kamfani ke cusowa, ya hana waɗanda ke tashi da kansu idan an kunna, ya saita ta ta riƙa aiki da dukkan ƙarfinta in tana jikin caja, ya ɗora mini manhajar zanena.

“Na saita miki komai,” in ji shi. “Ke dai ki yi ta aikinki kawai, ba sai kin taɓa komai ba. Ga tsohon faifanki nan a aljihun jaka, ban goge shi ba, ki ajiye tarihi.”

Jama’a, na yi laushi. Ranar har na raka shi bakin mota, abin da ban taɓa yi ba. Da ya tafi na tura masa saƙo: “Na gode sosai, ta zama kamar walƙiya.” Har da ɗan hoton zuciya na liƙa a ƙarshe. In na tuna hoton zuciyar nan yanzu, ji nake kamar in ciji yatsan da ya tura shi.

Abin da Injiniya bai sani ba, Mama ma ba ta sani ba, shi ne dalilin da ya sa nake ta gaggawar gyara kwamfutar. Akwai wani ofishin masu zanen gine-gine da na kai takarduna tun bara, kuma sun kira ni gwaji yau Alhamis, ƙarfe tara na safe, kowa ya zo da kwamfutarsa. Mutum biyu za su ɗauka. Wannan ne aikin da nake mafarki tun ina makaranta. Na ɓoye ne saboda Injiniya ya taɓa cewa a gaban Mama, “Ni matata ba ta buƙatar zaman ofis, ta yi zanenta a gida cikin kwanciyar hankali,” Mama kuma ta ce, “Allah ya yi maka albarka.” Yaya kaɗai na gaya wa. Ta rungume ni, ta ce kar in faɗa wa kowa sai na samu.

Yau da sassafe sai ga Yaya da doguwar rigarta ruwan toka, mai ƙananan maɓallai a hannu, ta goge ta sumul ta rataye a hannu. Ita ta zaɓa mini baƙin takalmi mara tsini, ta ce ranar aiki ba a saka abin da zai dame ka. Ita ta naɗa mini farin mayafi, ta cire allura daga nata ta soke mini a gefen kunne, ta ja da baya ta kalle ni.

“Kin fito ma’aikaciya sak. Allah ya ba da sa’a, ƙanwata.”

Muka ce wa Mama zan kai wa ɗan kwangila zane. Na tari tasi na tafi, jakar kwamfuta a kan cinyata na rungume ta.

Ɗakin gwajin dogo ne, teburi ɗaya a tsakiya, mu takwas a kewaye, ni kaɗai ce mace. Shugabar ofishin ta shigo, wata gajeriyar mata mai gilashi rataye da igiya a wuya, fensir soke a ɗankwalinta. Ba ta da yawan magana. Ta ce za mu zana gidan iyali mai hawa ɗaya a kan wani matsattsen fili, awa uku, daga harsashi har rufi. Ta miƙo filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ta ce akwai wata ’yar manhaja a ciki, kowa ya ɗora, ita ce ke ɗauke da filin, ita ke ƙirga lokaci, kuma ta cikinta za a miƙa zanen.

Filashi ya zagayo ya iso kaina. Na kwafe manhajar, na miƙa wa na kusa da ni, na danna don ta hau. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allon, da hoton wani yaro mai murmushi a gefe. Na karanta sau ɗaya ban gane ba, na sake karantawa.

Cewa ya yi wannan manhaja tana buƙatar izinin babba a cikin iyalina. A ƙasa ga sunana, ga shekaruna: goma sha ɗaya.

Na shiga wurin saiti. Nan na ga komai. Mai kwamfutar, wanda ke da iko da ita, Injiniya ne. Ni kuwa an saka ni a layin yara. Ba zan ɗora komai ba, ba zan cire komai ba, ba zan canza komai ba sai ya yarda. Har da wurin da aka kunna cewa a riƙa tura rahoton abin da na buɗe da awannin da na yi a kanta kullum. Kwamfutar da na yi shekara biyu ina tara guminta! Na kusa da ni, wani dogo mai ɗan gemu, ya leƙo ya gani, ya toshe baki yana dariya ƙasa-ƙasa.

“Ƙanwata, ta ƙaninki kika ɗauko?”

Ban kula shi ba, don da na buɗe baki da ba a yi gwajin nan lafiya ba. A ƙasan akwatin akwai wurin da aka rubuta a tura neman izini. Na danna shi. Na ɗauki waya na kira Injiniya, bai ɗauka ba. Sai ga saƙonsa.

“Gimbiya, ina cikin taro. Wace manhaja ce wannan kike son ɗorawa?”

“Ka danna amincewa yanzu. Yanzu-yanzu.”

“Ban san ta ba. Ina kika samo ta?”

“Ka danna, zan yi maka bayani daga baya, don girman Allah.”

“Ina kike ne wai? Mama ta ce kin je wurin ɗan kwangila.”

Ku ji fa! Har ya kira Mama. Na kira Yaya don ta yi masa magana ta bakin mijinta, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, shiru. Shugaba ta kalli agogon bango ta ce, “Mun fara.” Ɗaki ya ɗauki ƙarar madannan kwamfutoci, mutum bakwai suna aiki, ni ina zaune ina kallon hoton yaro mai murmushi. Sai akwatin ya motsa, rubutun ya canza. Kalma biyu ce kawai ta fito: An ƙi.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma ba na baƙin ciki ba ne, na tsabar fushi ne. Na ɗaga hannu, Shugaba ta zo ta tsaya a kaina, ta saka gilashinta ta karanta allon. Ba ta yi dariya ba, wannan kam zan riƙa gode mata har abada.

“Ba mu da kwamfutar aro,” ta ce a hankali. “Kuma ba zan tsayar wa mutum ɗaya agogo ba.”

Na sunkuya zan ɗauki jakata in fita da sauran mutuncina, sai hannuna ya taɓa wani abu mai tauri a aljihun gefe. Sukundireban Baba. A bayansa kuma, cikin ledar sabon, ga tsohon faifaina da aka ce in ajiye tarihi. A cikin wannan faifan babu Injiniya. Sunana ne, kalmar sirrina ce, manhajar zanena tana ciki yadda na bar ta.

“Ranki ya daɗe, in kin yarda zan kwance ta a nan.”

Ta kalle ni ta saman gilashi. “Lokacinki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi.”

Na kashe ta, na zare caja, na shimfiɗa hankicina na kife ta a kai. Na buɗe murfin gorar ruwana na ajiye don zuba noti. Guda goma ne, biyu daga ciki sun fi sauran tsawo, na ware su gefe yadda Baba ya koya mini. Na zura katin shaidata a tsagar gefe na bi da shi a hankali har murfin ya saki. Na fara cire igiyar batir, sannan na kwance sabon faifan na zare shi, na zura tsohon, na ɗaure, na mayar da komai. Mai ɗan gemun nan ya daina dariya, ya saki aikinsa yana kallona baki buɗe. Na kunna, na ji ’yar ƙarar juyawar nan da a da take ba ni haushi. Wallahi yau ta fi mini kowace waƙa daɗi.

Amma nawarta tana nan. Ta ɗauki lokacinta ta kunnu, ta ɗauki lokacinta ta karɓi filashi, ta ɗauki lokacinta ta ɗora manhajar, ba tare da ta tambayi kowa izini ba. Da filin ya bayyana a gabana na kalli agogo, minti arba’in da biyu sun tafi.

Na yi zane kamar ana bina da gudu. Ƙarin ram ɗin ya taimaka, ba ta maƙale ba, sai dai duk lokacin da na adana aiki sai ta tsaya ta yi numfashi. Filin matsattse ne, sai na tura matakala jikin bangon baya, na buɗe ɗan tsakar gida a tsakiya don iska da haske su shiga kowane ɗaki, na kai kicin kusa da ƙofar baya. Na gama ƙasa, na gama sama, na saka tagogi da ƙofofi. Ina jan layin farko na rufi manhajar ta rufe kanta. Lokaci ya cika. Minti goma nake buƙata, jama’a, goma kacal.

Da kowa ya fita Shugaba ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce ta leƙa zanena, kuma a cikin mu takwas babu wanda ya yi tunanin tsakar gidan nan sai ni.

“Amma ƙa’idarmu ce, zanen da bai kammala ba ba ya shiga tantancewa. Na so a ce kin kammala, ’yata.”

Na ce na gode. Ban san yadda na sauko daga benen nan ba.

A cikin tasi saƙonnin Injiniya suka yi ta shigowa. “Kin yi shiru.” “Fushi kika yi?” “Na je gida ina jiranki.” Ko ɗaya ban amsa ba. Ina isa layinmu na hango motarsa a ƙofar gida, an wanke ta tana ƙyalli.

Na same su a falo. Mama a kujerarta ta haɗe rai, Injiniya a gefen doguwar kujera da kofin shayi a gabansa, Yaya a ɗaya gefen, jakarta a kan cinya. Na yi sallama, ban zauna ba.

“Daga ina kike?” in ji Mama. “An kira ɗan kwangila ya ce bai gan ki ba.”

“Daga gwajin aiki nake, Mama. Kuma na faɗi. Ki tambayi Injiniya dalili.”

“Auta, ki iya bakinki.”

“Shekarata nawa, Mama?”

“Wace irin tambaya ce wannan?”

“Ke kika haife ni. Shekarata nawa?”

“Ashirin da huɗu mana.”

“To a wurinsa goma sha ɗaya ce.”

Na durƙusa a gaban teburin nan da aka ƙwace mini aiki a kansa, na kife kwamfutar, na ciro sukundireba. A gabansu na kwance ta na mayar da sabon faifan. Na kunna, na juya musu allon, na nuna wa Mama hoton yaron da sunana da shekarun. Injiniya ya ajiye kofinsa.

“Gimbiya, ki fahimce ni. Kariya ce. Sabuwar kwamfuta, mutum ya ɗora abin da bai sani ba, ta kamu da cuta. Tsarin ne ba ya yarda sai an rage shekarun.”

“Rahoton abin da nake buɗewa kullum fa? Shi ma maganin cuta ne?”

“Ai tare suke zuwa.”

“Ka tambaye ni?”

“Ban ga abin tambaya ba, tunda alheri nake nufi.”

Mama ta tafa hannu. “To ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Mutum ya kula da ke, shi ne laifi? Wasu nema suke yi ba su samu ba.”

“Mama, na roƙe shi da girman Allah. Dannawa ɗaya ce. Ya danna ƙi, ina zaune cikin maza bakwai suna yi mini dariya.”

Injiniya ya miƙe tsaye. “A’a, wannan kam ban yi ba. Wallahi ban danna ƙi ba. Amsarki nake jira, ina so in san ko mece ce, sai na ga an riga an amsa.”

“An riga an amsa? Wa ya amsa? Aljani?”

Ya kalli ƙasa, ya kalli kofinsa, ya kalli labule. Ni kuma na san fuskar maƙaryaci, kuma wannan ba ita ba ce. Manhajar gwajin tana nan a kan allon inda na kwafe ta da safe. Na danna ta, akwatin ya fito, na danna tura neman izini.

Wayar Injiniya ta yi ƙara a aljihun rigarsa. A daidai lokacin wata wayar ta yi irin wannan ƙarar sak, daga cikin jakar da ke kan cinyar Yaya.

Injiniya ne ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, wai don kada a ce shi kaɗai ke sa mini ido ne ya saka Yaya a matsayin babba ta biyu, kuma da saninta. Ban ko kalle shi ba. Yayata nake kallo, wadda ta goge rigar da ke jikina.

“Yaya, na kira ki sau biyu.”

Ta ƙanƙame jakarta.

“Yaya, kin san inda nake. Ke kaɗai kika sani a duniyar nan. Ki ce mini kuskure ne, ki ce hannunki ne ya zame, wallahi zan yarda.”

Hawaye ya cika idonta, amma ba ta yi mini ƙarya ba, ko wannan ma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Na bar ki ki je ne don ki gani da idonki ki haƙura,” ta ce. “Na ɗauka ba za ki iya da su ba. Da na ga saƙon sai na tuna yadda kike zane, sai tsoro ya kama ni kar ki ci. In kika ci, Auta, wannan maganar ta aure ta lalace, kuma ni za a zaga a gidana.”

Mama ta ce, “Innalillahi,” a hankali, ban san ko don ni ta faɗa ba ko don asiri ya tonu.

Ban yi ihu ba, ni da kaina na yi mamaki. Na tattara kwamfutata da notina da sukundireban ubana na shige ɗaki. Na zare allurar daga mayafina, na cire rigar ruwan toka na ninke ta yadda aka kawo ta, na soke allurar a wuyanta, na buɗe ƙofa na ajiye a ƙasa, na rufe na murza makulli. Sannan na zauna a kan gado na kwance kwamfutar karo na uku a yau, na cire faifai mai sauri na mayar da mai nawa. Da shi nake rubuta muku wannan. Tana jan ƙafa, tana ƙara, wani lokaci sai na jira kafin harafi ya fito, amma babu wayar da ke yin ƙara a aljihun kowa.

Yanzu haka rana ta kusa faɗuwa, motarsa tana nan a ƙofar gida. Mama ta buga ƙofa sau uku, wai Injiniya ya ce ba zai tafi ba sai ya ji matsayinsa. Zai ji, amma sai na ga dama, ya ɗan ɗanɗana jiran amsa shi ma. Ina jin numfashin Yaya a bayan ƙofar, ta kasa bugawa. Ɗazu wayata ta yi haske, saƙonta ne.

“Ƙanwata, don Allah ki ba ni izini in shigo in yi miki bayani.”

Na daɗe ina kallon saƙon. Wannan ce matar da ta goya ni, ita ta riƙe ni ranar da aka fita da Baba. Na share idona da bayan hannu, na rubuta mata kalma biyu na tura.

“An ƙi.”